Yadda ake gano matsala idan mai rabon rijista ya share umarnin da ake buƙata

Mai rabon rijista (register allocator) shi ne sashen kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa umarnin inji, da ke raba wa darajoji rijistoci, ƙananan ma'ajiyoyin cikin CPU. Idan ya share umarnin da ake buƙata, alamar ba ta ɓuya: manhaja tana aiki daidai da -O0 (ba a inganta kod ba), da ka sa -O2 (an inganta shi) sai lissafi ya karkace, ka buɗe fayil ɗin .s (umarnin injin da kwamfaila ta fitar) ka tarar wani umarni ya ɓace. Kafin ka ɗora wa kwamfaila laifi, fara wanke kod ɗinka, domin galibi a nan ɓarnar take. Gina shi da -fsanitize=undefined, ka gwada -fno-strict-aliasing da -fwrapv. In akwai asm (umarnin inji da aka rubuta da hannu) a cikin C, duba shi da idon basira. Wanda ba a sa masa volatile ba, kuma babu mai amfani da abin da ya fitar, GCC na da damar share shi. Ɗaliban da ke haɗa Arduino a Kadpoly ko KASU su kula: avr-gcc na ɗauka rijistar r1 sifili ce kullum, umarnin mul kuwa yana rubuta r0 da r1, don haka sai an bi shi da clr r1.

In kod ya fita zargi, rage girman matsalar. Fitar da fayil ɗin .i (kod ɗinka bayan an haɗa shi da headers) da -save-temps, ka ba manhajar rage kod C-Vise ko C-Reduce tare da ɗan gwajin da ke bambance sakamako mai kyau da gurɓatacce. Sa binciken -fsanitize a cikin gwajin, in ba haka ba zai miƙo maka kod mai laifin kansa. Aikin kan ɗauki awanni, a tabbatar batir ya cika kafin a ɗauke wuta.

Sai neman zangon (pass, wato matakin aikin kwamfaila) da umarnin ya ɓace. A GCC, -fdump-rtl-all na fitar da fayil bayan kowane zango, kuma kowane umarni na riƙe da lambarsa, saboda haka grep ya isa. Kwatanta fayil ɗin .ira da na .reload. Kar sunan ya ruɗe ka, a cikin .reload ɗin LRA (kashi na biyu na mai rabon rijistar GCC) ke rubutu, wanda ya shigo da GCC 4.8 a 2013. A LLVM (tushen kwamfailar clang), canza mai rabon da -regalloc=basic ko fast a llc, ka kunna -verify-machineinstrs. Da -stop-before=greedy za ka samu MIR (siffar kod ta cikin LLVM), sai ka gudanar da zangon shi kaɗai da -run-pass=greedy.

A nan mutane ke ɓata lokaci. Sau da yawa zangon da ya share umarnin gaskiyarsa ne, wani ne can baya ya yi masa ƙaryar cewa darajar ta mutu, wato ba za a sake amfani da ita ba. Koma baya ka nemi inda aka fara wannan ƙarya. A RTL (siffar kod ta cikin GCC) duba alamomin REG_DEAD da REG_UNUSED, ko an liƙa su inda bai dace ba. Duba rubutu a rabin rijista: a x86-64, mov eax, eax kamar aikin banza ne, amma yana mayar da bit 32 na saman rax sifili, share shi kuskure ne in ana karanta rax gaba. Akwai kuma dabarar sake lissafa daraja maimakon ɗauko ta daga ma'ajiya. In an share lissafin asali alhali abubuwan da ya dogara da su sun canza, an shiga uku, kuma -fno-lra-remat zai nuna maka ko ita ce. Wani lokaci laifin na bayanin injin ne a fayilolin .md ko .td, inda aka manta faɗin cewa umarni yana taɓa tutoci (flags na CPU).

Sauya mai rabo ya kawar da alamar ba hujja ba ce, wataƙila rijistar da ake takawa ce kawai ta canza.

In tsohuwar kwamfaila na aiki daidai, git bisect zai kai ka ga canjin da ya jawo. Rahoton da za ka tura Bugzilla na GCC ko GitHub na LLVM ya ƙunshi ragaggen fayil ɗin .i, cikakken layin da ka gina da shi, abin da gcc -v ko clang -v ya nuna, da lambar umarnin da sunan zangon da ya ɓace.