Kurakuran da ke kashe tsohon rediyon Turai mai kwalba

Duk wanda ya taɓa tsintar irin rediyon nan na katako a ɗakin kakansa, Grundig ko Philips ko Telefunken ko Saba, mai maɓallai farare a jere kamar haƙora da koren ido mai nuna an kama tasha a gefe, ya san abin da zuciya ke fara raya masa: bari in jona in ji ko yana yi. To nan ɓarnar take. Ni ma haka na yi da na farko da ya shigo hannuna, wani Grundig na shekarun 1950, ya yi magana kamar minti goma ina ta murna har na kira yara su zo su gani, sai wari, sai wani siririn hayaƙi ta baya, shi ke nan taransifoman sifika ya ƙone. Abin da ya shekara sittin a kan kabad lafiya lau, ni na kashe shi kafin shayina ya huce.

Laifin ba na kwalaben ba ne, wato 'yan kwalaben gilashin nan na cikin rediyon da ake ce wa bawul, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa yarda da shi. Kowa idonsa na kan kwalba saboda ita ce abin kallo, da rediyo ya ƙi yi sai ka ji an ce bawul ya mutu, a fara neman sabo, alhali ba abu ba ne da za ka shiga kasuwa ka saya kamar batir, sai an yi oda daga waje da kuɗi mai tsoka. Gaskiyar magana kwalaben nan suna da tsawon rai sosai. Masu mutuwa su ne kafasitoci na takarda, wato 'yan ƙananan sassan nan da ke tara wuta su riƙe ta. A rediyon Jamus za ka gansu ruwan ƙasa kamar alewar madara, an rubuta WIMA a jiki, galibi duk sun tsattsage, akwai kuma na ERO, a na Ingila irin su Bush da Pye kuma Hunts ne. Da sun tsufa sai su sha laima su fara yoyon wuta. Mafi sharri a cikinsu shi ne ɗan ƙaramin nan da ke tsakanin kwalbar EABC80 da EL84, wadda ita ce ke tura sauti zuwa sifika. In ya yi yoyo sai EL84 ta dinga zuƙar wuta fiye da ƙima, cikinta ya yi jajir, ta ja taransifoman su tafi tare. Kafasitan da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba ya jawo maka asarar abin da samunsa sai an sha wuya. Canja shi tun kafin ka taɓa soket, ka sa na zamani mai lamba ɗaya da tsohon wanda zai ɗauki bolt 630, sannan ka bi sauran 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya na ce fa, kuma ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, don wallahi in ka yanke guda goma lokaci guda ba za ka tuna ina da ina ba.

Shi kuma babban gwangwanin alminiyon nan da ke tsaye, wanda shi ma kafasita ne, yawanci 50+50 aka rubuta a jikinsa, in ya bushe za ka ji rediyo na gurnani huuum ko ka rage murya bai daina ba. Shi ma canji yake so. Amma a kula, yana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kuma wutar cikin rediyon nan tana kai bolt 250 zuwa 300, ba irin ta ɗan tiransistan da ake ratayawa a kafaɗa ba ce. A sauke ta da rizista, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, a auna da mita, kar a ɗora masa sukuddireba ya yi tartsatsi.

Ranar kunnawa ta farko, ka haɗa ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, wat 60 ko 100, a kan waya ɗaya tsakanin soket da rediyon yadda sai wuta ta bi ta ƙwan kafin ta shiga. In ya haska ya dushe, alhamdulillahi. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, kashe maza. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, kar ma ka gwada. Ka kuma leƙa baya wajen ɗan faifan zaɓen wuta, akwai 110, 127, 220, wasu har 240. Tamu a takarda 230 ce, a zahiri kuwa kowa ya san halin NEPA da janareta, don haka in akwai 240 ka ajiye shi a nan, ka sa sitabilaiza. Fiyus kuma in ya ƙone akwai dalili, masu naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari Allah ya shirye su.

Akwai wani aji da ya kamata a ji tsoronsa. Dubi harafin farko a jikin kwalba. In E ne, kamar ECC85 da ECH81 da EF89, yawanci akwai taransifoman wuta a ciki. In ka ga U, irin UL41 da UY41 da UCH42, to galibi babu taransifoman, ƙarfen da aka gina komai a kansa haɗe yake kai tsaye da waya ɗaya ta wutar gida. Bush DAC90A haka yake, da ƙananan Philips da yawa da lambarsu ta ƙare da U. In fulogi ya juya, duk ƙarfen nan wuta ce, ka tsaya ba takalmi a kan siminti ka taɓa shi, sai dai wani ba kai ba. Irin wannan ba a kunna shi babu murfin baya ko da maɓallin murɗawa a cire, ba a kuma yi masa aiki sai da taransifoma mai raba shi da wutar gida.

Sai masu son tsafta. Gilashin gaban nan mai sunayen garuruwa, Hilversum, Luxemburg, Wien, rubutun a bayansa yake kuma fenti ne mai rauni, ka sa jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya ka share Turai gaba ɗaya. Garin neman gira a rasa ido kenan. Buroshi mai laushi kawai, a hankali. Haka lambar jikin kwalba, ita ma gogewa take, in ta tafi ba ka san wace ce ba balle ramin da za ta koma. Baƙi-baƙin nan mai sheƙi kamar madubi a saman kwalba ba ƙuna ba ce, haka aka yi ta, sai in ya koma fari kamar alli ne iska ta shiga ta mutu. Ƙurar hunturu, gidan zanzaro, kashin kyankyaso, wayar da ɓera ya ci, duk a fitar da su, amma maɓallan nan in suna ƙaraf-ƙaraf maganin wanke mahaɗar lantarki ake fesa musu, ba baƙin mai ba, ba kananzir ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai ganin kowane sukuru kamar roƙonsa yake a ɗaure shi. 'Yan gwangwanayen nan masu rami a sama, abin da ke ciki ba sukuru ba ne, saiti ne da aka yi da na'ura a masana'anta, na FM a kan 10.7 MHz, na AM wajen 460 kHz. Ka murɗa su da ka, tasha ta ɓace, in ma ba su farfashe a ciki ba don ba su da ƙwari. Na taɓa kai wani Nordmende wurin wani mai gyara da ya saba da talabijin, ya bi su duk ya ɗaure tam, ya ce min sun yi sako-sako.

Wani lokacin ma rediyon lafiyarsa ƙalau, mai shi ne bai gane shi ba. UKW shi ne FM, KW gajeren zango, MW matsakaici, LW dogo, AUS kashewa, TA kuwa na garmaho ne, in ka danna shi shiru za ka ji har gobe. Na Jamus na shekarun 1950 da yawa FM ɗinsu a 100 ya tsaya, wasu na baya 104, kenan za ka kama Freedom ta Kano a 99.5 can ƙarshen gilashi amma duk tashar da ta haura nan babu ita, ba lalacewa ba ce. Kuma sai ya ɗan yi ɗumi kafin ya yi magana, a ba shi rabin minti. Gajeren zango da kakanninmu suka saurari BBC Hausa a kai tun 1957 yana son doguwar waya a matsayin eriya, a miƙa ta waje, kuma ƙarar shuuu da kake ji sau da yawa daga cajar waya ne ko inbata ko ƙwan LED na ɗakin. Kashe su ɗaya-ɗaya ka ga koren idon nan, EM80 ko EM84, yana motsi in allura ta hau tasha. Shi dai idon dushewa yake da yawan aiki kuma nasa da tsada, in ya yi duhu bar shi a wurinsa, bai hana rediyo magana.