Darasi na 9: Fita da Yara

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a ajin manya. Wata uwa za ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni da nake koyon baƙi da wasali da furfurata, me zan koya wa yaro?" Amsar ita ce: abin da kika koya jiya. Idan baƙaƙe biyar kika sani, kin fi ɗan shekara huɗu da baƙaƙe biyar, kuma su ne ya kamata ya fara da su. Wannan darasi na iyayen da ke da yara 'yan shekara 3 zuwa 6 ne, waɗanda ba su shiga firamare ba tukuna, suna gida tare da ku daga safe har dare. Ba sai kun sayi allo ko benci ba. Hanyar da kuke bi zuwa kasuwa ta isa.

Karatu

Ku karanta wannan labari a hankali, kowa ya bi layi da yatsa.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta ɗauki jaka za ta cefane. Ta riƙe hannun Auta, yayarsa tana biye. A bakin titi suka tsaya jiran A Daidaita Sahu.

Umma ta ce, "Kafin namu ya zo, ku ƙirga mini waɗanda suka wuce."

Auta ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, biyar."

Yayar ta fashe da dariya. "Umma, ya tsallake huɗu!"

Umma ta ce, "To ke nuna masa da yatsu."

Da suka isa Kasuwar Rimi, suka nufi rumfar kayan miya. Umma ta ce, "Ku gaida Baba." Yaran suka durƙusa suka ce, "Baba ina kwana." Mai kayan miya ya amsa, ya ce, "Hajiya, yau da 'yan rakiya aka zo?"

Umma ta ce, "Su ne masu cefanen. Auta, kashin tumatir nawa ka gani?"

Auta ya ƙirga ya ce huɗu. Wannan karon bai tsallake ba.

Aka sayi tumatir da attaruhu da albasa na naira 300. Umma ta ba yarinyar naira 500 ta miƙa. Kafin Baba ya buɗe aljihu, Umma ta tambaye ta, "Canjinmu nawa?" Yarinyar ta yi shiru tana motsa baki, can ta ce, "Ɗari biyu." Baba ya ce, "Kai, wannan ba za a cuce ta ba," ya ƙara musu albasa ɗaya gyara.

Abin da ya faru a labarin

Ku lura, Umma ba ta ce wa yaran "yau za mu yi darasi" ba. Da ta faɗi haka, da Auta ya fara miƙa yana hamma. Cefanenta ta je yi, kuma ta yi. Abin da ta ƙara kawai shi ne tambaya uku, a wurare biyu. Cikin awa ɗaya yaran sun yi ƙirge, sun yi ɗebewa, sun yi gaisuwa, sun ga yadda ake ciniki.

Ku sake duba wurin da Auta ya yi kuskure. Umma ba ta daka masa tsawa ba, ba ta kuma gyara masa da kanta ba. Yayarsa ta sa. Babbar ta samu abin alfahari, ƙaramin ya samu malamar da ba ya tsoro. Da yawa daga cikinmu da bulala muka yi karatun allo, shi ya sa hannu ke saurin tashi idan yaro ya kuskure. A nan ku riƙe hannun. Yaron da aka mara saboda ya tsallake huɗu, gobe ko an tambaye shi ba zai buɗe baki ba.

Baƙaƙe a kan titi

Birni cike yake da rubutu, sai dai wanda bai iya karatu ba ba ya ganinsa. Ku da kanku kun shaida haka: tun da kuka fara zuwa aji, allunan shaguna suka fara yi muku magana. Ku raba wannan daɗi da yaro. Ku zaɓi baƙi ɗaya tak kafin a fita, misali farkon sunansa. Idan B ne, yau B ake farauta. Ga ta a allon mai gyaran babur, ga ta a buhun siminti, ga ta a jikin kwalin sabulu. Duk wanda ya riga gani ya ci.

Lambar mota ma littafi ce. Tana farawa da baƙaƙe uku, sai lambobi uku, sai baƙaƙe biyu. Baƙaƙen farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista. A Kano za ku ga DAL, wato Dala, da FGE, wato Fagge, da GWL, wato Gwale. Idan cunkoso ya tsayar da ku, maimakon tsaki, ku karanta lambar motar gabanku tare da yaro.

Kuɗin da ke ɗaure a bakin zane

A nan zan daɗe kaɗan, domin babu kayan koyarwa da ya kai takardar kuɗi arha da amfani, kuma kowa yana da ita ko da ƙarama ce. Ku baje naira 10, da 20, da 200 a kan tabarma. Da farko yaro zai gane su da launi, kamar yadda wasunku suka yi shekaru suna yi. Daga nan ku nuna masa lambar da ke kusurwa, ya bi ta da yatsa.

Sai ku juya ga hotuna. A gaban naira 20 Janar Murtala Muhammad ne, ɗan Kano, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. A bayanta kuwa mace ce zaune tana ginin tukunya, sunanta Ladi Kwali. Ku nuna wa 'ya'yanku mata wannan da kyau, su san cewa sana'ar hannu ta kai wata mace kan kuɗin ƙasa. A bayan naira 10 akwai matan Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, irin waɗanda yaro ke gani suna shigowa unguwa. A gaban naira 200 Sardauna ne, Sir Ahmadu Bello, a bayanta ga shanu ga dalar buhuna. Daga nan hira ta buɗe: Kaka za ta iya ba da labarin dalar gyaɗa da ta gani da idonta.

Akwai wani abu kuma. A jikin naira 200 da 500 da 1000 an rubuta adadin kuɗin da ajami. Waɗanda suka yi makarantar allo a cikinku za su karanta shi ba da wahala ba, alhali sun daɗe suna cewa su jahilai ne. Ku karanta wa yaro ajamin, ku nuna masa lambar boko kusa da shi, ya ga abu ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu.

Idan an gama, a wanke hannu da sabulu. Kuɗi ya bi hannuwa da yawa.

Ranar da ba a fita ba

Ba kullum ake zuwa kasuwa ba, wasu matan ma ba sa fita sai da dalili. Tsakar gida ba ta rasa aiki. Ku ba yaro faranti ya taya ku tsintar wake, ya jera tsakuwar da ya cire ya ƙirga. Ku bar shi ya auna gero, ya gano gwangwani nawa ke cika kwano. Ku huda ƙasan gwangwanin madara, ku zuba ƙasa, ya shuka ƙwayar wake uku ya riƙa ba su ruwa. Cikin mako za su tsiro. Kowace safiya ya ja layi ɗaya a bango da gawayi, a ga kwana nawa aka yi kafin ganye ya fito. Zai tone ya duba ko ta fara, wannan kam sai haƙuri. Ku shuka wata a ɓoye.

Carafke ƙirge ce, dara kuma lissafi. Tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha'i su ne ke buɗe bakin yaro. Ku ce masa, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," ku bar shi ya yi ta lalube har ya kai ga tsintsiya. Waya a hannun ɗan shekara uku tana sa shi shiru, gaskiya ne, amma ba ta tambayarsa komai, ba ta kuma jiran amsarsa.

Rabon maigida

Maza kada ku ce wannan aikin mata ne. Hanyar masallacin Juma'a taku ce, haka hanyar gona da wajen aski. Yaron da ya bi babansa gona ya kamata ya dawo da sunan itace ɗaya da bai sani ba: yau kuka, gobe ɗorawa, jibi giginya. Ku tsinko ganyen darbejiya da na tsamiya da na zogale ku ɗora masa a tafin hannu, ya faɗi bambancinsu.

Sau ɗaya a wata, ko bayan salla idan aljihu ya yi nauyi, a yi fita babba. Mutanen Kano suna da Gidan Makama kusa da fadar Sarki, inda aka ajiye kayan tarihi, da Gidan Zoo na Audu Bako, da Dutsen Dala wanda daga kansa ake hango birni duka. Wanda ya fi burge ni da yara shi ne marinar Ƙofar Mata. Marini zai tsoma farin yadi cikin ruwan baba, ya fito da shi yana kore-kore, iska tana bugunsa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonku. Yaro zai tambaya, "Baba, me ya sa?" Idan ba ku sani ba, kada ku ƙirƙiro. Ku ce, "Zo mu tambayi mai aikin." Ya ga babansa ma yana tambaya, ba abin kunya ba ne. Amma ku riƙe hannunsa gam, ramukan rini suna da zurfi. Wanda ke ƙauye kada ya ji an bar shi a baya: maƙera, da masaƙa, da injin niƙa, da kasuwar dabbobi duk wuraren kallo ne.

Takardar aljihu

Kasuwa wurin ɓacewar yara ce, musamman gab da salla. Kafin ku fara yawan fita da yaro, ku tabbata ya haddace abu uku: sunansa, sunan mahaifinsa, da sunan unguwarsu. Yara da yawa idan an tambaye su sunan uba sai su ce "Baba", sunan uwa su ce "Umma", mai cigiya ya rasa ta inda zai fara. Ku mai da shi waƙa ku riƙa yi tare.

Sannan ku rubuta waɗannan a 'yar takarda, tare da lambar waya mai lambobi 11, ku sa a aljihunsa ko ku maƙala da fil a cikin riga. Ku fita da hantsi ko da la'asar, ku kauce wa tsakar rana, ku ɗauki ruwan sha. Wajen tsallaka titi a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu, kuma a riƙa faɗa da baki yaro yana ji.

Aikin aji

1. Su wa suka raka Umma kasuwa? Rubuta amsa da cikakkiyar jimla.
2. An yi cefanen naira 650, an ba da naira 1000. Canji nawa za a karɓa?
3. Rubuta sunayen itatuwa huɗu da ke unguwarku.
4. Kwafi waɗannan kalmomi, ka kula da ƙugiyar baƙaƙen: ƙirge, ɗorawa, ɓacewa, 'ya'ya.

Aikin gida

Kowa ya rubuta takardar aljihu ta ɗansa ko jikansa da hannunsa, kada a ba ɗan makaranta ya rubuta. A zo da ita ranar aji mai zuwa, za mu duba lambar wayar ɗaya bayan ɗaya, domin a nan aka fi tsallake lamba.