Ruwa ɗaya, sakamako biyu: kurakuran auna iskar mithen a cikin ruwa

A ɗebo ruwa daga gonar shinkafa a Kadawa ko daga madatsar Tiga, a raba kwalba biyu, a kai ɗakunan gwaji biyu, sai sakamako ya fito kamar ba ruwa ɗaya ba. Injin GC, wato na'urar da ke rarrabe iskoki tana auna yawansu, ake yawan ɗora wa laifi, alhali galibi tun a bakin ruwa aka yi ɓarnar.

Mithen ba ta da haƙurin zama cikin ruwa, da ta ga kafa sai ta tsere. Wanda ya kamfato ruwa da bokiti ya tsiyaya a kwalba ya riga ya zubar da wani kaso nata. A zura tiyo har gindin kwalbar, a bar ruwa ya malala kamar ninki biyu zuwa uku na cikinta, sannan a toshe. A kifa kwalbar a ɗaga ta ga haske: in an ga kumfa ko da kamar ƙwayar gero, a zubar a sake. Murfin kuma ya zama robar butil da aka matse da zoben alminiyom, don ta silikon tana yoyon iska.

Sai ajiya. Ruwan fadama cike yake da ƙwayoyin halitta, wasu na cin mithen, wasu na samar da ita, kuma zafin mota daga Haɗeja zuwa Kano na ƙara musu kuzari. Don tsayar da aikinsu, a sa asid na HCl har pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya sauka ƙasa da 2, a jera kwalabe a kife cikin kula mai ƙanƙara, wajen digiri 4, a auna cikin kwana 14. Kada dai su daskare, kwalba na fashewa.

A ɗakin gwaji, lissafi ne ke raba kan mutane. In za a buɗe sarari a saman ruwan cikin kwalba don mithen ta fito a auna, a yi da naitirojin ko hiliyom, kowa da adadi ɗaya da lokacin girgizawa ɗaya. Wanda ya yi da iskar ɗaki, ya tuna ita ma tana ɗauke da mithen kusan ppm 1.9 (kashi 1.9 cikin miliyan), sai an cire. Zafin da ake sawa a dokar Henry, wato lissafin yawan iskar da ke narkewa cikin ruwa, na lokacin girgizawa ne, ba na bakin kogi ba. Ga kuma wanda ake mantawa: Kano na tudu, kusan mita 480 sama da teku, don haka mai rubuta kPa 101.3, wato matsin iska na bakin teku, ba tare da ya duba ma'aunin matsin iska ba ya ƙara kuskuren kusan kashi 5 cikin 100.

A daidaita ma'aunin rahoto: maikuromol 1 na mithen a lita daidai yake da maikurogiram 16 a lita. Sannan ɗakunan su riƙa gwada injinansu da tukunyar gas ɗaya mai takardar shaida, su kuma yi musayar kwalabe uku-uku daga ɗiba ɗaya, da lamba kawai a jikinsu, ba sunan wuri.