Masu fita teku, ku riƙa karanta igiyar ruwa tun guguwa tana nesa

'Yan uwa masu kwale-kwale da mazauna gaɓar tekun Atlantika, lokacin guguwa daga 1 ga Yuni yake zuwa 30 ga Nuwamba, amma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da ruwan teku ya yi ɗumi sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da gari ya yi garau. Guguwar tana can ɗaruruwan kilomita, rana tar, ba iska, amma sai ka ga manyan igiyoyi suna tahowa a natse, da tazara mai tsawo tsakaninsu. Saƙon guguwar ke nan. A irin wannan rana ruwa ke fizgar mai iyo daga gaɓa zuwa ciki. In ya kama ka, don Allah kada ka yi kokawa da shi. Ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har jan ya sake ka.

Taswirar da cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami take fitarwa, mai kama da mazurari, inda tsakiyar guguwa zai iya bi kawai take nunawa. Iska da ambaliya suna wuce iyakar mazurarin, mutane da yawa nan suke ruɗuwa.

Da iska ta kai kilomita 63 a awa ake raɗa wa guguwar suna. Tun lokacin ka ƙara igiyoyin ɗaure jirgi, ka caja rediyo. Kuma in iska ta ɗauke kwatsam tsakiyar guguwa, zauna inda kake, za ta dawo ta ɗaya ɓangaren.