Laimar kwaɗi ma tana zane

'Yan uwa masu sha'awar zane, ga wata dabara da nake matuƙar so. Ku samo laimar kwaɗi wadda ta buɗe sosai amma ba ta fara bushewa ba. Ku yanke ƙafarta, ku kife hular a kan takarda, ku rufe da kofin gilashi saboda iska, ku bar ta ta kwana.

Da safe ku ɗaga a hankali. Ƙurar irinta ta zubo, ta zana layukan ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, gwanin kyau. Wata ƙurar fara ce, wata baƙa, shi ya sa nake haɗa farar takarda da baƙa gefe da gefe. Kada ku taɓa zanen, nan take yake gogewa. Ku wanke hannu kuma, wasu nau'o'in guba ne.