Kafin Ka Ce Kai "African-American" Ne

Sabon zuwa Amurka, tun kafin ya gane kan jirgin ƙasa ko ya saba da sanyi, takarda ce ke fara tarbarsa. Asibiti, wurin neman aiki, makarantar yara, ko'ina sai an miƙo maka fom, a cikinsa kuwa akwai tambayar da ba mu saba da ita a gida ba, wato ta launin fata. A jerin amsoshin za ka ga gidan da aka rubuta "Black or African American". Nan za ka sa alamarka, ko da kuwa kai ne ake wa kirari da fari tas a unguwarku. A fom ɗin neman aiki ma galibi amsawar ganin dama ce, kana iya tsallakewa.

Fom ba shi da wuya, ɗan'uwa. A hira ake tuntuɓe, kuma ni na yi nawa.

Shekarata ta farko a Bronx, wani yanki na birnin New York, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai wata dattijuwa da muke aiki tare, iyayenta daga South Carolina suka taso. Ranar nan muna cin abincin rana, sai na ce mata cikin raha ai ni ne African-American na gaskiya, tunda da ƙafata na zo daga Afirka, ita kuwa ko Legas ba ta taɓa gani ba. Ta ajiye cokali. Ta tambaye ni sunan kakana, na faɗa. Ta tambayi na uban kakan, na faɗa, har na ƙara mata da cewa mu marina ne tun kaka da kakanni. Ta ce to ita iyakar inda ta iya bin zuriyarta shi ne ƙidayar 1870. Kafin nan, a takardun 1850 da 1860, ba a rubuta sunan bawa, sai shekarunsa da jinsinsa da launinsa a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Ta ce, "Kai kana da ƙasa, kana da gari, kana da yare. Ni nahiya sukutum aka laƙaba mini saboda an ƙwace mini sunan garin." Ranar abincin nan bai wuce mini da daɗi ba.

Abin da na gane daga baya shi ne, a bakin mutane da yawa African-American sunan al'umma ne, kamar a ce Bahaushe ko Babarbare. Yana nufin zuriyar waɗanda aka kawo a ɗaure, tun daga mutum ashirin da 'yan kai da aka sauke a gaɓar Virginia a 1619, har zuwa soke bauta a 1865. Kuma sun sha fama kafin su tsaya a kansa. Da fari "African" suke kiran kansu, shi ya sa cocin da Richard Allen ya jagoranci kafawa a Philadelphia a 1816 yake ɗauke da kalmar har yau. Aka koma "Colored", wadda ta rage a cikin sunan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta 1909. Aka yi zamanin "Negro", kalmar da Martin Luther King ya yi ta amfani da ita a jawabinsa na 1963. Daga 1966, da ɗan gwagwarmaya Stokely Carmichael ya ɗaga taken ƙarfin baƙar fata, matasa suka rungumi "Black", wadda a da zagi ce. Sai a Disambar 1988 Jesse Jackson, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya tsaya gaban 'yan jarida a Chicago ya nemi a riƙa cewa African-American, hujjarsa ita ce kowace al'umma a ƙasar tana jingina kanta da wata ƙasa ta asali, kamar jikokin Italiyawa, don haka su ma suna da haƙƙin haka.

Tsofaffin sunayen nan biyu, Colored da Negro, kada su fito daga bakinka yau, sai in sunan wata ƙungiya kake faɗa. Ka lura kuma "people of color" da za ka riƙa ji a labarai daban yake da "colored people". Na farko karɓaɓɓe ne, na biyu yana iya jawo maka sammaci daga ofishin kula da ma'aikata.

Su kansu masu sunan ba baki ɗaya suke ba. Wasu sun fi son Black, suna cewa shekara ɗari huɗu a ƙasa ta isa mutum ya zama ɗan gida ba tare da an maƙala masa wata nahiya ba. Morgan Freeman, ɗan fim ɗin nan, ya ce a 2023 shi yana ganin kalmar African-American cin fuska ce. Kamfanin Gallup kuma ya sha tambaya, kuma mafi yawan waɗanda ya tambaya kan ce duk ɗaya ne a wurinsu. Don haka ka saurari abin da mutum ya kira kansa, ka bi shi a haka. In ba ka sani ba, Black ta fi faɗi, ta ɗauke ka, ta ɗauki ɗan Jamaika, ta ɗauki dattijuwar nan.

Zuwanmu ne ya ƙara wa muhawarar zafi. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan ɗaya cikin goma na baƙar fatar Amurka a waje aka haife shi, wajen mutum miliyan 4.6. Da yawansu ya kai haka, sai tambaya ta taso: guraben jami'a da tallafin da aka yi gwagwarmaya aka samo don gyara ɓarnar bauta da wariya, na wa ne? Tun a 2004 malamai biyu na Harvard, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suka nuna cewa mafi yawan ɗalibai baƙar fata a jami'ar, baƙi ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ko 'ya'yansu, ko 'ya'yan auren baƙi da fari. A shekarar ce kuma Alan Keyes, da yake takarar sanata da Barack Obama a Illinois, ya ce launinsu ɗaya amma tarihinsu daban, don Obama ɗan mutumin Kenya ne, kakanninsa ba su yi bauta a Amurka ba. Daga baya aka samu tafiyar ADOS, wato Amurkawa zuriyar bayi, ta Yvette Carnell da Antonio Moore, masu cewa a ware zuriyar bayin Amurka da suna nata. A Maris na 2022 kwamitin diyyar bauta na jihar Kalifoniya ya kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, cewa zuriya za a duba, ba launi ba.

Za ka ci karo da masu zafi a cikinsu, musamman a intanet, har da masu cewa mu koma inda muka fito. Shawarata, kada ka shiga. Kan maganar diyya ma ni ina ganin suna da gaskiya, bashin kakanninsu ne, mu ba mu da gado a ciki. Ka kuma tuna dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin da ke fifita Turawa, a cikin guguwar gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ta fito. Su aka saki karnuka a kansu a Birmingham ta jihar Alabama, mu muka shigo ta ƙofar.

Laifin namu kuma a faɗe shi. A majalisar 'yan Afirka za ka ji ana kiran baƙaƙen Amurka "akata", kalmar da ta fito daga bakin Yarabawa. Sun san ta, kuma zagi suke ɗaukarta. Za ka ji ana cewa malalata ne, ga aiki sun ƙi yi, daga bakin wanda bai cika wata shida a ƙasar ba. Mu da muka taso inda kalmar "ɗan bayi" ke hana mutum aure, ya kamata mu bincika abin da ke ƙarƙashin wannan raini. Sannan akwai muguwar kalmar nan mai farawa da harafin N. Za ka ji samarinsu na jifan juna da ita, ka ji ta a waƙa. Kai dai bar ta. 'Yan Nijar, ku yi hattara ta musamman wajen faɗin sunan ƙasarku, don in aka karanta rubutunsa na Turanci da garaje yana kusa da ita. Ku faɗe shi yadda Faransawa ke faɗa, ku ja ƙarshen.

Shi kuwa ɗan sanda ba ya tambayar asali. Amadou Diallo ɗan Gini ne, Bafulatani, mai talla a bakin titi. Ranar 4 ga Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Bronx, 19 suka same shi, alhali walat ne a hannunsa. Waɗanda suka cika titi saboda shi, ɗan gwagwarmaya Al Sharpton na gaba, akasarinsu mutanen nan ne da muke yi wa gori.

In kana New York, ka yi Juma'a ko sau ɗaya a Masallacin Malcolm Shabazz da ke titi na 116 a Harlem, ka gaisa da dattawansu. Wasu a cikinsu sun ga lokacin da Imam Warith Deen Mohammed, bayan ya karɓi ragamar Nation of Islam, ƙungiyar Musulmi baƙar fata, a 1975, ya ba su sunan "Bilalian", don jingina kansu da Sayyidina Bilal. Sunan bai daɗe ba, amma in ka samu mai ba ka labarinsa, zauna.

To kai me za ka ce in an tambaye ka? Faɗi ƙasarka: ɗan Najeriya, ɗan Nijar, ɗan Gana. In ka samu takardar zama ɗan ƙasa, ka haɗa ta da Amurka. 'Ya'yanka kuwa, wannan wata shari'a ce. A ƙidayar 2020 an bar layi a ƙarƙashin gidan baƙar fata don mutum ya rubuta asalinsa, har an ba da misali da Nigerian da Somali da Ethiopian. Ni Hausa na rubuta a nawa. 'Yata da aka haifa a Bronx ta ce a nata sai an sa African American tukuna, sannan Hausa, don ita a makaranta da kan titi haka ake ganinta. Muka yi ta ja har tuwo ya huce, ƙarshe dai yadda ta ce aka rubuta.