Kurakuran da ke sa matatar ƙazamin ruwa ta kashe tafkin da ke kusa da ita

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a ƙananan garuruwa shi ne auna ruwa da ido. Ƙazamin ruwa ya shiga matata baƙi ƙirin yana ɗoyi, ya fito garau, sai kowa ya ce aiki ya yi kyau. Alhali sinadarin fosfaras, wanda ke zuwa daga bahaya da fitsari da wasu sabulan wanki, ba ya sauya launin ruwa, ba ya wari, kuma tacewar da aka saba kaɗan take ragewa daga cikinsa. Kogi yakan kwashi abin da aka zuba masa ya yi gaba da shi. Tafki kuwa ajiyewa yake yi. Fosfaras taki ne ga gansakuka: ta yaɗu ta rufe ruwa, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin, kifaye su taso a mace.

Haka ta faru da Tafkin Washington da ke gefen birnin Seattle a Amurka. Ruwan da ake zuba masa tacacce ne daga matatu, amma duk da haka ya yi ta dagulewa. Sai da aka karkatar da bututun gaba ɗaya daga tafkin, tsakanin 1963 da 1968, sannan ya fara washewa. Ƙaramin gari da ba shi da ƙarfin irin wannan aiki yana da mafita biyu. Ko a zuba alif kafin ruwan ya shiga wurin kwanciya na ƙarshe, don ya kama fosfaras ya nutse da shi, ko a kai tacaccen ruwan gonar itatuwa da ciyawar dabbobi, inda takin zai yi amfani. Masu ƙara kulorin suna zaton sun magance matsalar ɓata kuɗi suke yi. Kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ruwansa da fosfaras.

Sai sakaci da laka. Kududdufan tace ruwa su ne suka fi dacewa da ƙaramin gari, tunda rana da lokaci ke musu aiki ba lantarki ba, kuma wannan sauƙin ne ke sa a manta da su. Kududdufin farko, mai zurfin mita 2 zuwa 5, yana cika da laka a hankali, har ruwan da ya kamata ya kwana ya kwanta ya riƙa wucewa a gurguje. A riƙa soka doguwar sanda ana duba kaurin lakar, idan ta kai kashi ɗaya cikin uku a yashe. Kada kuma a jibge abin da aka yashe a gangaren da ruwan sama zai mayar da shi tafki.

Ruwan sama kansa matsala ne idan an haɗa indararo da magudanar titi da bututun ƙazanta. Mamako ɗaya ya isa ya sa matata ta tumbatsa. A raba hanyoyin, a toshe tsagar bututu.

Akwai wanda ke ba ni takaici ƙwarai, wato auna oksijin ɗin tafki da rana tsaka. A lokacin gansakuka na fitar da iska, sakamakon zai faranta rai. Da asuba ake aunawa, bayan ta kwana tana zuƙa, don a lokacin ne kifi ke shaƙewa. Koren ruwa kuma ba abin wasa ba ne: a Agustan 2014 an hana mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo saboda gubar gansakuka daga Tafkin Erie, gubar da tafasawa ba ta kashe ta.

Bayan an gyara matata, kada a yanke ƙauna don tafki bai washe a shekarar farko ba. Fosfaras ɗin da ya daɗe kwance a ƙasan tafki yana ci gaba da tasowa shekaru da dama, don haka a ci gaba da ɗibar ruwan bakin bututu ana kai wa gwaji kowane wata.